Ramayana da Mahabharata a littattafan Indiyawan ƙetare: ta ina ake farawa, kuma yaya ake gane ƙarin marubuci?

Ummu Hanifa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman ƙarin haske daga masana adabin Indiya. Akwai ƙagaggun labarai da Indiyawa mazauna Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suke rubutawa, inda suke ɗauko kissoshin addinin Hindu, musamman Ramayana da Mahabharata, su sake musu riga. Waɗanda suka fi yawo a hannun mutane su ne The Palace of Illusions na Chitra Banerjee Divakaruni da Kaikeyi na Vaishnavi Patel.

Tambayoyina uku ne. Wanda bai san asalin labaran ba, da wanne ya kamata ya fara, tsohon ko sabon? Ta yaya mai karatu zai rarrabe abin da ke cikin tsohon littafi da abin da marubuci ya ƙara daga kansa? Sannan me ya sa waɗanda suka bar gida suka fi riƙo da waɗannan labarai, ko kuwa idona ne kawai yake ganin haka? Don Allah a haɗa da sunayen littattafai da shekaru, domin nazari ake son yi da su.

Malam Sabo Mai Littattafai

Wa alaikumus salam Malama. Zan ɗauki ta ukun tukuna, domin in aka warware ta sauran biyun sun yi sauƙi.

Kuskuren farko shi ne a zuba Indiyawan ƙetare a kwando ɗaya. Ayari biyu ne, kowanne da guzurin da ya fita da shi.

Ayarin farko 'yan ƙwadago ne. Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, masu gonakin rake suka rasa hannu, sai aka koma ɗibar mutane daga Indiya da takardar yarjejeniya ta shekara 5. An kai su Morishus tun 1834, Gayana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Surinam ta Holan a 1873, Fiji a 1879, har aka dakatar da ɗibar a 1917. Jimillarsu ta haura miliyan ɗaya, Fiji kaɗai ta karɓi kimanin 60,000. Yawancinsu talakawa ne daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh, ta tashar jirgin ruwa ta Kalkata suka fita, wasu kuma ta Madras. Kalmar Turanci ta yarjejeniya ce bakinsu ya lanƙwasa ta koma girmit, su kuma aka kira su girmitiya.

Mutanen nan ba Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, suka iya ba. Littafin da suka tafi da shi, wani a ƙunshin kaya wani a ka, shi ne Ramcharitmanas, ruwayar Ramayana ta Tulsidas, wanda ya fara rubutawa a 1574 da harshen Awadhi, harshen da ke maƙwabtaka da nasu na gida. Abin da ya sa ya kama zuciyarsu a fili yake. Rama yarima ne da aka tura daji shekara 14 ba da laifinsa ba, aka sace matarsa aka haye teku da ita zuwa tsibiri, ƙarshe ya koma gida ya hau gadon ubansa. Mutumin da dillali ya yaudara ya dangwala yatsa a takarda, aka haye teku da shi zuwa tsibiri, yana zaune yana ƙirga shekaru, ba sai an yi masa sharhi ba. Barikin leburori a Fiji narak suke ce masa, wato gidan azaba na lahira. Morishus kuwa Marich suke kiranta, sunan da ya yi daidai da na dodon da ya rikiɗa ya zama barewar zinariya ya ja hankalin Sita matar Rama. Har gobe a Fiji ƙungiyoyin unguwa suna haɗuwa, galibi daren Talata, a ɗora littafin a kan 'yar kujerar katako, mutum ɗaya ya rera baiti, ganga da kuge da harmoniya su amsa, sannan ya warware ma'anar da Hindin Fiji.

Marubutan da suka fito daga wannan ayari ba sa sake ba da labarin Rama daga farko. A jininsu yake, sai dai ki tsince shi a suna da habaici. Duba A House for Mr Biswas na V. S. Naipaul, haifaffen Chaguanas a Tirinidad, wanda ya fito a 1961. Gidan surukan Biswas sunansa Hanuman House, da mutum-mutumin Hanuman na kankare a samansa, dangin kuma sunansu Tulsi. Hanuman a wurin Hindu shi ne biri mai hidima ga Rama, abin misali wajen biyayya. Naipaul ya ɗauki sunan ya liƙa wa gidan da ke haɗiye surukai maza ya mai da su 'yan aiki, Biswas kuma yana kiran samarin gidan biyu alloli don gatse. Wanda bai san Hanuman ba zai karanta ya wuce bai san an yi zambo ba. A wannan layi akwai Lal Pasina na Abhimanyu Unnuth ɗan Morishus, da Hindi, 1977, da Dauka Puraan na Subramani, 2001, wanda aka rubuta da Hindin Fiji. Kalmar puraan ɗin ma tsokana ce, sunan tsofaffin littattafan addini aka ɗora wa tarihin wani ɗan ƙauye.

Ayari na biyu ya taso bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. Su da 'ya'yansu ta ƙofa uku suka san labaran: bakin kaka, mujallun zane na Amar Chitra Katha da Anant Pai ya kafa a 1967, da kaset ɗin bidiyo na Ramayan ɗin Ramanand Sagar mai kashi 78 daga 1987 zuwa 1988 da Mahabharat ɗin B. R. Chopra mai kashi 94 daga 1988 zuwa 1990. Su ne masu sake ba da labarin sukutum da Turanci, kuma abin da ya dame su ba komawa gida ba ne, matsayin mace ne da abin da za a gaya wa yaron da aka haifa a Houston ko Chicago game da asalinsa.

Amma ki lura, ba su suka fara ba. Pratibha Ray ta sa Draupadi, matar 'yan'uwa biyar da ake kira Pandava a Mahabharata, ta ba da labari da bakinta a Yajnaseni da harshen Odia tun 1984, shekara 24 kafin Divakaruni ta yi haka a The Palace of Illusions a 2008. A shekarar dai M. T. Vasudevan Nair ya ba Bhima, ɗaya daga cikin Pandava, baki a Randamoozham da Malayalam, Shivaji Sawant kuwa ya yi wa Karna, jarumin ɓangaren abokan gabarsu, haka da Marathi a Mrityunjay tun 1967. Na ƙetare sun fi isowa hannunmu ne kawai saboda da Turanci suke, kuma kamfanonin Landan da New York ke buga su.

Dakta Rabi

Malam Sabo ya share fage, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya kan yadda ake aikin a aikace.

'Yar'uwa, cire wa ranki cewa akwai asali guda ɗaya da za ki auna sabon littafi da shi. Ruwayoyi ne birjik. Ramayana ta Valmiki da Sanskrit kashi 7 ce, baiti kusan 24,000. Kamban ya yi tasa da Tamil a wajen ƙarni na 12, Krittibas da Bengali a ƙarni na 15, Tulsidas a na 16. A ruwayar mabiya Jain ta Vimalasuri, Lakshmana ƙanen Rama ne ya kashe Ravana, sarkin da ya sace Sita, ba Rama ba. A Dasaratha Jataka ta mabiya Buddha, Rama da Sita wa da ƙanwa ne. Don haka tambayar da za ki yi wa kowane sabon littafi ita ce: a kan wace ruwaya ya tsaya?

Fara da taƙaitaccen tsohon, kada ki fara da sabon. In kika fara da sabon, fuskar da marubucin ya zana ita za ta zauna miki, kome kika karanta daga baya sai ki ga kamar shi ne ya karkace. The Ramayana na R. K. Narayan, 1972, bai kai shafi 200 ba, kwana biyu ya ishe ki, sai dai ki riƙe cewa a kan Kamban ya gina shi. Ga Mahabharata, na C. Rajagopalachari na 1951 ya wadatar a matakin farko, ko da yake ya tsabtace wurare da yawa saboda yara. Kina karantawa ki zana bishiyar dangi a takarda guda. A Mahabharata wannan tilas ne, domin mutum ɗaya yana da suna biyar ko fiye. Draupadi ita ce Panchali, ita ce Krishnaa, ita ce Yajnaseni. Arjuna, ɗaya daga cikin mazanta biyar, shi ne Partha, shi ne Dhananjaya. Wanda bai rubuta ba, kafin babi na goma ya ɗauka mutane uku ne.

Daga nan ki ɗauki sabon littafin da fensir. Duk wurin da ya motsa ki, ko ya sauya ra'ayinki kan wani, sa masa alama. Kada ki bi kowane shafi, wurare 10 zuwa 15 sun isa. Su za ki kai gaban cikakkiyar fassara. Ga Mahabharata akwai ta Bibek Debroy, mujalladi 10, daga 2010 zuwa 2014, wadda ta bi tatacciyar ruwayar cibiyar Bhandarkar da ke Pune. Wannan aikin tahƙiƙi an fara shi a 1919 aka gama a 1966, an gwama rubuce-rubucen hannu sama da 1,200, sai baitocin da aka saba cewa 100,000 ne suka sauko zuwa wajen 75,000. Ta K. M. Ganguli, 1883 zuwa 1896, kyauta take a intanet, amma ruwayar gama-gari ta bi, da duk ƙare-ƙarenta. Amfanin riƙe biyun shi ne: abin da kika samu a Ganguli kika rasa a Debroy, kin san ƙarin baya ne. Ga Valmiki, taƙaitacciyar fassarar Arshia Sattar ta 1996 ta isa, in kuma sharhi kike so sai ta jami'ar Princeton ƙarƙashin Robert Goldman, mujalladi 7.

Kowace alama sai ta faɗa ɗaya daga gida uku: tana cikin Sanskrit, ko ta fito daga wata ruwayar baya, ko marubucin ne ya ƙaga. Gida na tsakiya nan ne ɗalibai ke zamewa. Layin da Lakshmana ya zana a ƙofar bukka ya ce kada Sita ta tsallake, wanda kowa ya sani daga fim, babu shi a Valmiki. Tsohuwa Shabari da ke ɗanɗana 'ya'yan ber kafin ta miƙa wa Rama, ber ɗin nan magarya ce tamu, ɗanɗanawar ba ta Valmiki ba ce. Kuregen da ya taya Rama gina gada zuwa tsibirin ma haka. A Mahabharata, maganar da ake jingina wa Draupadi a kan Duryodhana, babban ɗan makahon sarki kuma abokin gabar Pandava, cewa ɗan makaho makaho ne babu ita a Sanskrit. Rantsuwar da ta yi ba za ta ɗaure gashinta ba sai da jinin Dushasana, ƙanen Duryodhana da ya ja ta da gashi, ta shahara ne daga wasan kwaikwayo na Venisamhara na Bhatta Narayana. Abin bautarsu Ganesha a matsayin magatakardan Vyasa, wanda ake jingina wa Mahabharata, da ƙin Karna da Draupadi ta yi ranar zaɓen miji don ɗan mai tuƙa keken doki ne, duka biyu masu tahƙiƙin Pune sun fitar da su daga gundarin matani. In kika rubuta cewa marubuciyar Amurka ce ta ƙago ɗaya daga waɗannan, kin yi kuskure. In kika ce Vyasa ne ya faɗa, nan ma kin yi.

Bari in nuna da Kaikeyi, tunda kin ambace ta. Mai karatun Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, zaman kishi ne a gidan sarauta. Sarki Dasharatha na Ayodhya yana da manyan mata uku: Kausalya uwar Rama, Kaikeyi uwar Bharata, Sumitra uwar tagwaye Lakshmana da Shatrughna. A Valmiki, kuyanga Manthara mai ƙusumbi ta hau soro ta ga an yi wa gari ado, ta ji gobe za a naɗa Rama yarima mai jiran gado, ta sauko a fusace ta gaya wa uwar ɗakinta. Abin da mutane ke mantawa shi ne Kaikeyi murna ta yi, har ta ciro abin ado ta ba ta tukuici, ta ce Rama da Bharata ɗaya ne a wurinta. Sai da Manthara ta yi ta hura mata wuta, cewa gobe za ta zama baiwar Kausalya, sannan ta juya. Ta shiga ɗakin da aka tanada don fushi, ta watsar da sarƙoƙinta, ta kwanta a tsurar ƙasa, har sarki ya zo lallashi ta tuna masa alkawari biyu da ya yi mata ranar da ta cece shi a fagen yaƙi: sarauta ga Bharata, daji ga Rama. Can gaba kuma Rama da kansa ya gaya wa Bharata cewa tun wajen aure Dasharatha ya yi wa uban Kaikeyi alkawarin ɗanta ne zai gaji mulki. Kin ga tana da hujja tun a tsohon littafi. Tulsidas kuwa ya sauke laifin daga kan mutane gaba ɗaya: allolinsu ne suka aiki Saraswati ta juya tunanin Manthara, don Rama ya fita ya kashe Ravana.

To, abin da Patel ta yi a 2022, Kaikeyi jaruma mai tuƙa keken yaƙi yana da tushe. Sihirin zaren da take gani tsakaninta da mutane tana jan ra'ayinsu da shi, wannan nata ne ɗari bisa ɗari. Haka ma Rama da ta zana a matsayin saurayin da wani malami ya cusa wa raina mata.

Abu na ƙarshe, duba ko littafin ya haɗa da Uttara Kanda, kashi na 7, inda Rama ya kori Sita tana da ciki saboda tsegumin gari. Masana da yawa suna ganin ƙarin baya ne, Tulsidas kuma bai sa korar a Ramcharitmanas ba. Shi ya sa Raman 'yan girmit sarki ne adali da labarinsa ya ƙare da murna, Raman The Forest of Enchantments na Divakaruni, 2019, kuwa miji ne da ke da tambayar amsawa. Ba saɓani ba ne, wurin tsayawa ne ya bambanta.

Ummu Hanifa

Na gode ƙwarai Malam Sabo da Dakta, Allah ya saka da alheri. Ƙarin tambaya: in ana rubutu da Hausa, daidai ne a kira waɗannan labarai tatsuniya? Kuma su mabiya addinin ba sa jin haushin a taɓa Rama haka? Sannan ina ne waɗannan littattafai suka fi yin rauni ta fuskar fasahar rubutu?

Baban Walid

Malama, kada ki ce tatsuniya. Tatsuniya a wurinmu gizo da ƙoƙi ne, mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙarya ce, shi ya sa ake rufewa da ƙurunƙus. Hindu suna kiran littattafan nan biyu itihasa, ma'ana haka ya faru, kuma mutane sama da biliyan ɗaya ne ke wannan addini a yau. Bhagavad Gita mai baiti 700 a cikin Mahabharata take, a kashi na 6. Rubuta kissoshin addinin Hindu, ko hikayoyinsu, ki riƙa cewa a aƙidarsu. Ba ki gaskata ba, ba ki kuma yi izgili ba.

Haushi kam ana ji. A 2011 jami'ar Delhi ta cire maƙalar A. K. Ramanujan mai suna Three Hundred Ramayanas daga manhajar tarihi bayan ƙorafin ƙungiyoyin Hindu, alhali abin da ta ƙunsa shi ne abin da Dakta ta faɗa, cewa ruwayoyi suna da yawa. Ramanujan ɗin ma ɗan ƙetare ne, a jami'ar Chicago ya koyar. Ki lura kuma taɓa Mahabharata ya fi sauƙi, domin kowa a cikinta yana da tabo, har Krishna ya yi dabaru a yaƙi. Rama kuwa ana ɗaukarsa cikakken mutum abin koyi, mai taɓa shi sai ya shirya.

Batun rauni, ga inda na fi ganin ɗinki yana ɓallewa.

Muryar ni. Da zarar an ce Draupadi ce ke ba da labari, an ɗaure ta a inda ƙafarta ta taka. Yaƙin Kurukshetra, babban yaƙin Mahabharata, kwana 18 ne, ita kuwa ba ta fagen fama. A tsohon littafi Sanjaya ne Vyasa ya ba ikon gani daga nesa yana faɗa wa makahon sarki Dhritarashtra. Divakaruni sai ta sa Vyasa ya ba Draupadi irin wannan gani. Dabara ce mai kyau sau ɗaya, amma in aka haɗa ta da mafarkai da laɓe a bayan labule da labarin da wata kuyanga ta kawo, sai mai karatu ya fara ganin hannun marubuci. In kina nazari, ƙirga sau nawa aka nemi irin wannan ƙofar baya a littafi guda.

Wanke jaruma. In an wanke Kaikeyi tas, dole laifin ya koma kan wani, domin labarin yana buƙatar a kori Rama. Sai a ɗora wa malamai da alloli da Rama. Sakamakon shi ne an cire baƙa ɗaya an sa wata, alhali ƙarfin tsohon labarin shi ne kowa yana da hujja kuma duk da haka gida ya rushe. Da wannan ake haɗa wata matsalar: jarumar tana tunani kamar 'yar jami'ar Amurka ta yau, ita kaɗai ce mai ido a garin makafi.

Kalmar dharma. Ba addini kawai ba ce, ba kuma aiki kawai ba. Ita ce abin da ya hau kan mutum gwargwadon matsayinsa: na sarki daban, na ɗa daban, na miji daban, kuma suna karo da juna. Rama ya bi na sarki ya saɓa na miji. Littafin da ya mai da wannan karo ya zama bin zuciya da bin al'ada ya zubar da rabin kayan.

Ajin haihuwa, wato matsayin da mutum ke gada tun daga haihuwa a tsarin Hindu. Da yawa suna da kaifin ido kan zaluncin da aka yi wa mace 'yar sarki, amma suna wucewa da sauri ta gaban Ekalavya, ɗan daji da Drona, malamin Arjuna, ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan koyarwa don kada ya fi Arjuna harbi, da Shambuka da Rama ya kashe don yana ibadar da ajinsa bai kai ba. Duba ko sun fito, kuma layi nawa aka ba su.

Na yara kuwa, irin Aru Shah and the End of Time na Roshani Chokshi, 2018, littafin farko a jerin da Rick Riordan ke gabatarwa, an ɗinka shi ne a kan ma'aunin labaran allolin Girka: yarinya 'yar shekara 12 a gidan tarihi a Atlanta ta kunna fitilar da aka hana, ta gano ita ce Arjuna ya dawo. Haɗa ta da Indra, sarkin allolinsu, yana da tushe, don Arjuna ɗan Indra ne a Mahabharata. Inda ake gardama shi ne allolin Girka kusan ba su da masu bauta yau, waɗannan kuwa suna da su, barkwancin da ya wuce a can yana iya tsayawa a maƙogwaro a nan.

A ganina waɗanda suka fi ƙarko su ne waɗanda ba su sake ba da labarin ba, aro suka yi. The Death of Vishnu na Manil Suri, malamin lissafi a Maryland, 2001: ɗan aike mai suna Vishnu yana mutuwa a kan matakalar bene a Bombay, maƙwabta biyu suna rigimar wa zai biya kuɗin motar asibiti, shi kuma yana tunanin ko shi ne abin bautar da aka sa masa sunansa. Ko Red Earth and Pouring Rain na Vikram Chandra, 1995, inda biri ke buga keken rubutu yana ba da labari don ya tsare Yama mai ɗaukar rai, Hanuman na tsaya masa. The Great Indian Novel na Shashi Tharoor, 1989, ki bar shi ƙarshe. Kashi 18 ne kamar Mahabharata, Gandhi ya zama Bhishma, Nehru ya zama Dhritarashtra, Indira Gandhi ta zama Duryodhana mace, Draupadi kuma dimokuraɗiyya. Wanda bai san tarihin Indiya daga mulkin mallaka zuwa dokar ta-ɓaci ta 1975 ba, kuma bai san Mahabharata ba, ba zai yi dariya ko sau ɗaya ba.

Soyayyar Draupadi da Karna kuma, wadda ita ce ƙashin bayan The Palace of Illusions, ƙirƙira ce tsagwaronta.

Malam Sabo Mai Littattafai

Baban Walid, na yarda da kai har zuwa layin ƙarshe, nan kam a yi gyara kaɗan. Gaskiya ne a Sanskrit babu inda Draupadi ta so Karna. Amma zancen bai faɗo daga sama a 2008 ba. A kashi na 5, Udyoga Parva, da Krishna yake zawarcin Karna ya koma ɓangaren 'yan'uwansa Pandava, cikin abin da ya yi masa tayi har da cewa Draupadi za ta zama tasa shi ma. Akwai kuma waƙar gargajiya a Maharashtra, Jambhul Akhyan, inda Draupadi ta furta cewa zuciyarta ta taɓa karkata gare shi. Gida na tsakiya ne a rabon Dakta Rabi. Abin da Divakaruni ta yi shi ne ta ɗauki ɗan zare ta saƙa zani da shi.

Inda za a kama ta da gaske shi ne zauren caca, kuma Malama Ummu Hanifa, in wuri ɗaya za ki gwada hanyar Dakta a kansa, wannan ne. Buɗe kashi na 2, Sabha Parva. Yudhishthira, babban Pandava, ya yi asarar dukiya, ƙasa, ƙannensa huɗu, kansa, sannan matarsu. Aka aika a kira Draupadi, ta mayar da ɗan aike da tambaya: kansa ya fara rasawa ko ita? Domin wanda ya riga ya zama bawa, da wane iko zai sa wani a caca? Dushasana ya jawo ta da gashi, zani ɗaya ne a jikinta, tana cikin al'ada. Ta maimaita tambayar a gaban dattawa, Bhishma ya ce dharma abu ne mai wuyar ganewa, ya kasa yanke hukunci. Vikarna, ƙanen Duryodhana, shi ne ya miƙe ya ce ba a ci ta ba. Wanda ya tashi ya ƙaryata shi, ya kira ta da sunan banza don mazanta biyar, ya kuma umarci Dushasana ya tuɓe musu tufafi, Karna ne.

Karanta wannan a Debroy, mujalladi na 2, sannan ki karanta shi a Ganguli ki ga inda aka ƙara kiran Krishna, sannan ki koma babin Divakaruni. Ja layi uku a takarda: abin da Karna ya faɗa, abin da Draupadi ta tambaya, wanda ya amsa. Ki ga nawa ne daga maganar Karna ya tsira a sabon littafin, da irin uzurin da aka nema masa daga baya don soyayyar ta samu wurin tsayawa. Shafi biyar na nazarinki suna nan.